Yadda za ka karanta Littafin Ƙidaya ba tare da ka tsaya a hanya ba

Mutane da yawa in sun ɗauki niyyar karanta Littafi Mai Tsarki daga farko har ƙarshe, Farawa na tafiya sumul, Fitowa ma haka, a Firistoci sai a fara jan ƙafa, to da an shigo Ƙidaya aka ga sunaye da lambobi jere kamar ba za su ƙare ba sai kawai a rufe a koma Zabura. Gaskiya asara ce, don cikin littafin nan ne labarin 'yan leƙen asiri yake, da macijin tagulla, da jakar da Bal'amu ke hawa, da albarkar nan da fasto ke rufe sujada da ita. Littafin yana da ƙashin baya guda ɗaya, wato ƙidaya biyu, ɗaya a sura 1 ɗaya a sura 26, kuma duk abin da ke tsakaninsu bayani ne na yadda tsarar da ta fito Masar ta ƙare a jeji wata sabuwa ta taso. In ka riƙe wannan, sauran duk zai zauna.

Mataki na farko, shirya kayan aiki

Ka samo Littafi Mai Tsarki, na takarda ko na waya duk ɗaya, sai biro da farar takarda guda biyu. Shi ne littafi na huɗu a Attaura, yana bayan Firistoci kafin Maimaitawar Shari'a, sura 36 gare shi. In tsohuwar fassara ce a hannunka irin ta kakanni za ka ga an rubuta Lissafi, littafi ɗaya ne kar ka ruɗe. Sunayen kabilu ma suna ɗan sauyawa daga fassara zuwa fassara, wani wuri Ra'ubainu da Saminu da Yahuza, wani wuri Ruben da Simeyon da Yahuda. Ka zaɓi ɗaya ka bi ta har ƙarshe.

Kafin ka fara ka ɗan leƙa Fitowa sura 19 da sura 40 don ka tuna inda aka tsaya: jama'a suna gindin dutsen Sina'i, an ba da doka, an kafa alfarwa ta sujada, kusan shekara guda kenan ba su motsa daga wurin ba.

Mataki na biyu, raba littafin gida uku

A takarda ta farko ja layi uku. Na farko rubuta Sina'i, daga 1:1 zuwa 10:10. Na biyu rubuta hanya da Kadesh, daga 10:11 zuwa ƙarshen sura 21. Na uku filayen Mowab, hayin Urdun daura da Yariko, daga sura 22 zuwa 36.

Yanzu ga abin da ke rikita mutane, lokaci ba ya tafiya daidai da yawan surori. Littafin ya buɗe ran 1 ga wata na biyu a shekara ta biyu bayan fitowa Masar, sun tashi daga Sina'i ran 20 ga wannan watan, kaga surori goma ɗin farko ko sati uku ba su cika ba. Amma shekarun yawo a jeji, wajen 38 kamar yadda Maimaitawar Shari'a 2:14 ta faɗa, an dunƙule su ne a 'yan surori tsakanin 15 da 19, kusan ba a ce komai a kansu ba. Kana shiga sura 20 ka riga ka iso wajen shekara ta 40. Sannan Maimaitawar Shari'a 1:2 ta ce daga Horeb, wato Sina'i, zuwa Kadesh-barneya tafiyar kwana 11 ce. Rubuta 11 ɗin nan kusa da 40 a takardarka ka bar su suna kallon juna.

Mataki na uku, karanta sura 1 da sura 26 rana ɗaya

Na san ba haka aka saba ba amma gwada. Ba sai ka haddace komai ba, jimla kawai za ka ɗauka. Ƙidayar farko maza masu shekara 20 zuwa sama waɗanda za su iya fita yaƙi, 603,550. Ta biyu 601,730. Kusan ɗaya ko? To amma karanta 26:64-65, can aka ce cikin waɗanda aka ƙirga karo na biyu babu ko mutum ɗaya daga na farko sai Kalibu ɗan Yefunne da Joshuwa ɗan Nun. Lamba ba ta canza sosai ba, mutanen ne suka canza kakaf.

In kana son ka ɗan zurfafa, dubi kabila biyu. Saminu ta faɗo daga 59,300 zuwa 22,200, Manassa kuma ta hau daga 32,200 zuwa 52,700. Ajiye maganar Saminu a ranka, za ka haɗu da ita a sura 25. Lawiyawa daban aka ƙirga su, tun daga ɗan wata ɗaya, don su ba aikin yaƙi aka ba su ba, aikin alfarwa ne.

Mataki na huɗu, yadda za ka haye surori goma na farko

Nan ne ake faɗuwa, don haka takarda ta biyu za ta yi aiki. Zana ɗan akwati a tsakiya, alfarwa kenan. Sura 2 za ta gaya maka wa ke ina: gabas Yahuza da Issaka da Zabaluna, kudu Ra'ubainu da Saminu da Gad, yamma Ifraimu da Manassa da Biliyaminu, arewa Dan da Ashiru da Naftali. Sura 3 ta ƙara zobe na ciki na Lawiyawa, Gershon a yamma, Kohat a kudu, Merari a arewa, Musa da Haruna da 'ya'yansa a gabas bakin ƙofa. Minti biyar zai ɗauke ka, amma da ka gama za ka ga da idonka abin da surorin ke faɗa, Allah a tsakiya kowa na kewaye da shi, kuma ba wanda ke kutsawa ciki yadda ya ga dama.

Sura 4 rabon kaya ne, wa zai ɗauki me in an tashi. Ka lura da 'ya'yan Kohat, su ke ɗaukar akwatin alkawari da sauran kaya mafi tsarki, amma sai firistoci sun lulluɓe su tukuna, ba taɓawa ba leƙawa. A sura 7 da aka kawo kekunan shanu 6 da shanu 12, Gershon sun samu keke 2, Merari 4, Kohat ko ɗaya, nasu a kafaɗa ne. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin abin da ya faru da Uzza a 2 Sama'ila 6 ba lokacin da aka ɗora akwatin a keke.

Ita sura 7 ɗin aya 89 ce, shugabanni 12 kowa ya kawo kyauta iri ɗaya sak, kuma an maimaita lissafin sau 12 ba a taƙaita ba. Kamar ranar godiya a coci ne da sakatare ke kiran sunan kowane gida da abin da ya kawo, kai da ke zaune ka gaji amma gidan da aka kira sunansu ba su gaji ba. Shawarata, karanta na Nashon na kabilar Yahuza a natse, sauran ka bi sunaye kawai, sai ka sauka a aya 89 inda Musa ke jin murya daga bisa murfin akwatin.

Kar ka tsallake 6:24-26, albarkar Haruna, Ubangiji ya sa maka albarka ya kiyaye ka. A 1979 masu tonon kayan tarihi sun samu wasu ƙananan naɗaɗɗun azurfa guda biyu a wani kabari a Ketef Hinnom kusa da Urushalima, da kalmomin albarkar nan a jiki, kuma an kiyasta sun kai wajen shekara 600 kafin haihuwar Yesu. Suna cikin rubutu mafi tsufa da aka taɓa samu na wani nassi na Littafi Mai Tsarki.

Abu ɗaya kuma, sura 7 da farkon sura 9 sun koma baya ne zuwa wata na farko, kafin ƙidayar, don haka in ka ga kwanan wata ya juya ba kuskure ba ne.

Mataki na biyar, rage gudu daga sura 11 zuwa 14

In akwai inda za ka kashe lokaci to nan ne. Girgijen da ke bisa alfarwa ya tashi, an busa kakaki na azurfa, ayari ya kama hanya cikin tsari mai kyau, ba a je ko'ina ba gunaguni ya fara. Karanta 11:5 da ƙarfi ka ji: suna tuna kifin da suke ci a Masar wai kyauta, da kokwamba da kankana da albasa da tafarnuwa. Wai kyauta fa, mutanen da aka sa su yin tubali ba a ba su ko ciyawa ba. Manna ta ishe su. Shi kansa Musa ya kai maƙura har ya ce wa Allah, ni na haifi mutanen nan ne da zan goya su? In haka ne gara ka kashe ni. Duk wanda ya taɓa riƙe shugabanci ko na ƙungiyar matasa ne zai ji addu'ar nan a jikinsa. Amsar da aka ba shi dattawa 70 ne da za su raba nauyin, ga kuma Eldad da Medad da suka yi annabci cikin sansani, Joshuwa ya ce a hana su, Musa ya ce ina ma duk jama'ar Ubangiji annabawa ne.

Sura 12 matsalar ta shigo gida. Maryamu da Haruna, yayyen Musa, sun fake da maganar matarsa mutuniyar Kush, amma ainihin ciwon shi ne wai da Musa kaɗai Allah ke magana? Maryamu ta kamu da kuturta, aka fitar da ita bayan sansani kwana 7, kuma jama'a ba su tashi ba sai da ta dawo.

Sai sura 13 da 14, cibiyar littafin. Mutum 12 aka aika, ɗaya daga kowace kabila, suka yi kwana 40 suna leƙen ƙasar Kan'ana, suka dawo da nonon inabi daga kwarin Eshkol wanda sai da mutum biyu suka rataya a sanda. Ga yadda za ka karanta: ja layi ƙarƙashin abin da dukkansu suka yarda a kai, sannan ka ja wani ƙarƙashin inda suka rabu. Za ka ga ba wanda ya musa cewa ƙasar na da kyau, ba wanda ya musa cewa biranen na da ganuwa mutanen kuma ƙarfafa ne. Rahoto ɗaya ne. Goma suka ce mun zama kamar fara a idon kanmu, Kalibu da Joshuwa suka ce Ubangiji na tare da mu. Jama'a suka kwana kuka, har suka ce a naɗa wani shugaba a koma Masar, suka nemi jifan mutum biyun nan da duwatsu.

Hukuncin shi ne shekara ɗaya a madadin kowace rana ɗaya, 40 kenan, kuma duk mai shekara 20 zuwa sama da aka ƙirga zai mutu a jeji. Kaga inda sura 1 ta dawo, waɗanda aka ƙirga don yaƙi su ne suka ƙi yaƙin. Yaran da suka ce za a kwashe ganima kuwa su ne za su shiga. Kar ka rufe kafin ka karanta ƙarshen sura 14, washegari sun ce to yanzu mun yarda za mu hau, Musa ya ce kar ku je, suka je ba akwatin alkawari ba Musa, aka fatattake su har Horma. Ni a ganina wannan guntun ya fi sauran ban tsoro, don daga waje kamar tuba ne.

In kana da aboki Musulmi da kuke hira irin wannan, labarin ba baƙo ba ne a wurinsa, Suratul Ma'ida aya 20 zuwa 26 ta kawo ƙin shiga ƙasar da mutum biyu da suka ƙarfafa jama'a da kuma shekara 40 ɗin.

Mataki na shida, in doka ta katse labari ka tambayi dalili

Ƙidaya na da wannan halin, ana cikin labari mai zafi sai ga dokokin hadaya. Kar ka yi tsaki, ka tambayi kanka me ya sa aka ajiye ta a nan. Misali sura 15, nan da nan bayan an ce tsarar nan ba za ta shiga ba, sai ta buɗe da cewa sa'ad da kuka shiga ƙasar da nake ba ku. Wato alkawari bai mutu ba. Haka sura 18 kan aikin firistoci da zakarsu ta biyo bayan rigimar wa ya isa ya matso kusa da alfarwa, sura 19 kuma ta jar karsana da ruwan tsarkake wanda ya taɓa gawa ta zo a lokacin da gawa ta yi yawa a sansani.

Rigimar ita ce ta Kora a sura 16. Ɗauko zanenka. Kora daga gidan Kohat yake, Datan da Abiram daga Ra'ubainu, duba kudu, maƙwabta ne. Suka jawo shugabanni 250, maganarsu kuma da daɗin ji, ai duk jama'a tsarkaka ne don me kuke ɗaga kanku. Ƙasa ta buɗe, wuta ta fito, washegari kuma jama'a suka sake cewa Musa da Haruna ne suka kashe mutane, annoba ta ci 14,700 kafin Haruna ya ruga da turare ya tsaya tsakanin matattu da masu rai. Sura 17 sandar Haruna ta yi toho ta yi fure har da 'ya'yan almon cikin dare ɗaya. Ka riƙe 26:11 ma, 'ya'yan Kora ba su mutu ba, kuma sunansu na kan wasu Zabura kamar ta 42 da ta 84.

Mataki na bakwai, sura 20 zuwa 25

Sura 20 ta fara da mutuwar Maryamu a Kadesh ta ƙare da ta Haruna a dutsen Hor, yana da shekara 123 bisa ga 33:39, a tsakiya kuma Musa ya rasa shiga ƙasar. An ce ya yi wa dutse magana, shi kuwa cikin fushi ya kira jama'a 'yan tawaye ya bugi dutsen sau biyu. Ruwa ya fito fa, amma hukunci ya tsaya. Buɗe Fitowa 17 ka gwada su, can an ce ya buga, nan ba a ce ba. Mutane na yawan cewa hukuncin ya yi tsauri, ni ma ba zan ce ba ya min nauyi ba, amma aya 12 ta faɗi laifin ƙarara, bai gaskata ba kuma bai nuna tsarkin Allah a gaban jama'a ba.

Macijin tagulla a 21:4-9 aya shida ne kacal, karanta shi tare da Yohanna 3:14-15 inda Yesu ya ɗauko shi, sannan 2 Sarakuna 18:4 inda sarki Hezekiya ya farfasa shi saboda mutane sun mai da shi abin ƙona wa turare. Daga nan nasara ta fara zuwa, Sihon sarkin Amoriyawa da Og sarkin Bashan suka faɗi.

Sura 22 zuwa 24 ka karanta su a zama ɗaya, labari ne guda kuma akwai ban dariya ciki. Balak sarkin Mowab ya ɗauko hayar Bal'amu ɗan Beyor ya la'anta Isra'ila, mai gani da ake ji da shi amma jakarsa ta ga mala'ika sau uku shi bai gani ba sai duka yake. Balak ya yi ta canza masa wuri daga wannan tudu zuwa wancan, bagadi bakwai bakwai, ko za a dace, duk buɗe bakin da zai yi sai albarka. Nan aka samu 23:19, Allah ba mutum ba ne da zai yi ƙarya, da tauraron Yakubu a 24:17. Kuma duk wannan na faruwa ne a kan tuddai, su Isra'ila na ƙasa ba su ma san ana yi ba. A 1967 an samu wani rubutu a jikin bango a Deir Alla ta ƙasar Jodan da ke ambaton Bal'amu ɗan Beyor a matsayin mai gani.

Kar ka yi saurin cewa Bal'amu mutumin kirki ne. Sura 25 abin da la'ana ta kasa yi, mata da bukin gumaka a Feyor suka yi shi, mutum 24,000 suka mutu, kuma 31:16 ta ce shawarar Bal'amu ce. Mutumin da Finehas jikan Haruna ya soke a wannan surar, Zimri, shugaba ne a kabilar Saminu, to ka tuna lambar nan da ta faɗo.

Mataki na takwas, sabuwar tsara

Daga sura 26 iska ta canza, maganar duk ta koma rabon ƙasa da gado. 'Ya'yan Zelofehad mata su biyar suka zo gaban Musa a bakin alfarwa suka ce babanmu ya mutu ba ɗa namiji, don me sunansa zai ɓace, a ba mu gado. Allah ya ce gaskiyarsu, aka mai da shi doka. Wannan a sura 27 yake, a nan kuma aka ɗora wa Joshuwa hannu ya gaji Musa. Sura 28 zuwa 30 kalandar hadayu ce da wa'adodi, bi su da sauri. Sura 32 Ra'ubainu da Gad masu dabbobi da yawa sun nemi zama a gabashin Urdun, Musa ya tuna masu abin da ya faru a Kadesh lokacin 'yan leƙen asiri, suka yi alkawari za su haye su yi yaƙi tukuna, rabin Manassa ma suka samu a can. Sura 33 jerin zango ne sama da 40, in Littafinka na da taswira a baya buɗe ta. Sura 35 birane 48 na Lawiyawa, 6 daga ciki na mafaka ne don wanda ya yi kisa ba da gangan ba.

Wuraren da za su dame ka

Akwai su, kuma gara ka sani tun yanzu. Sura 5 gwajin matar da miji ke zargi, sura 15 mutumin da aka jefe don ya tara itace ran Asabar, sura 31 yaƙin Madayana da abin da aka yi da kamammu. Kar ka yi kamar ba ka gani ba, kar kuma ka yanke hukunci daga aya ɗaya da wani ya yanko ya saka a Facebook. Rubuta tambayarka, karanta surar gaba da baya, kai ta wurin nazarin Littafi ko wurin fasto ko wani dattijo da ya yi makarantar tauhidi.

Maganar lambobi ma masana sun daɗe suna ja a kai. Maza 600,000 na nufin jama'a wajen miliyan 2 in an haɗa mata da yara, wasu sun ɗauke shi haka yadda yake, wasu kuma na cewa kalmar Ibrananci da aka fassara dubu tana iya nufin iyali ko rukunin mayaƙa. Haka batun marubuci, al'adar Yahudawa da ta Ikilisiya ta ce Musa, 33:2 ma ta ce shi ya rubuta zangon tafiyar, amma masana da yawa na ganin an harhaɗa littafin daga baya daga tsofaffin rubuce-rubuce, shi kansa 21:14 ya ambaci wani Littafin Yaƙoƙin Ubangiji da ya ɗauko magana daga ciki. Kowanne ka bi, tsarin ƙidaya biyun nan bai canza ba.

Yadda za ka raba kwanaki

Sati biyu ya isa. Rana ta farko sura 1 da 26, sai kwana uku na 2 zuwa 10 tare da zane, kwana uku na 11 zuwa 14 don nan ba a gaggawa, kwana biyu na 15 zuwa 19, rana ɗaya 20 da 21, rana ɗaya Bal'amu har 25, kwana biyu na 27 zuwa 36. Ranar ƙarshe ka karanta Zabura 95 da 106, da 1 Korintiyawa 10:1-13, da Ibraniyawa 3 da 4, ka ga yadda na baya suka fahimci labarin. In a rukuni kuke, ko zumuntar mata ko ta matasa, ku raba surorin sunaye tsakaninku kowa ya kawo abu ɗaya da ya gano, amma 13 da 14 kowa ya karanta da kansa kafin a haɗu. Daga nan sai Maimaitawar Shari'a, a filin Mowab ɗin nan dai ake, Musa ne zai yi wa sabuwar tsarar jawabi kafin a haye Urdun.